Kunne Kafin Murya: Yadda Ake Shiga Ƙungiyar Mawaƙa

  

Yau zancen waƙa za mu yi, waƙar taro. Ƙungiyar mawaƙa, wadda a majami'u da makarantu ake kira kwaya. Tambayarmu ita ce: mutumin da bai taɓa koyon waƙa a hannun kowa ba, yaya zai shiga irin wannan ƙungiya, ya zauna daram, har a ji daɗin zamansa?

Na san cikin masu jina yanzu akwai wadda ba ta wanki sai da waƙa a bakinta. Akwai telan da kekensa ke tafiya, waƙa na tafiya. Ran Lahadi mawaƙa su miƙe cikin anko, su kuwa suna can baya suna bi ƙasa-ƙasa, ransu na so. Amma da ka ce musu su zo su shiga, amsar ɗaya ce: "Ai ni ba ni da murya."

To, da wannan magana za mu fara.

Ɗora yatsa biyu a kan maƙogwaronka. Ke ma Mama, ajiye tsintsiyar ki gwada. Ku ce "aaa", ku ja shi. Kun ji wani abu yana rawa ƙarƙashin yatsa? Wasu 'yan tantani ne guda biyu a cikin maƙogwaro, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. Iska ta taso daga huhu, ta bi tsakaninsu, sai su kaɗa. Wannan kaɗawa ita ce murya. In namiji yana magana, sukan kaɗa sau 100 da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya. In mace ce, wajen sau 200. In sun kaɗa da sauri, murya ta hau sama. In sun rage sauri, murya ta sauko. Tsokoki ne ke jan su, suna sake su. Tsoka kuwa ana horar da ita. Ku riƙe wannan: tsoka ce, kuma ana horar da ita.

Gaskiya ne akwai mutanen da aka haifa ƙwaƙwalwarsu ba ta rarrabe hawa da saukar sauti sosai. Amma kaɗan ne, ba su kai 5 cikin 100 ba. Ga gwaji mai sauƙi. In yaronka ya yi fito da karin taken ƙasa, babu kalma ko ɗaya, za ka gane shi? In mai rera waƙa a wurin biki ya kauce, kana jin wani abu ya sosa maka kunne? In amsarka i ce, kunnenka lafiya lau. Abin da ya rage shi ne muryarka ta koyi bin abin da kunnen ya ji. Wasu masu cewa ba su da murya, wani ne ya taɓa yi musu dariya tun suna firamare, shi ke nan suka kama bakinsu.

Yanzu sai mu duba ina waɗannan ƙungiyoyi suke.

A ƙasar nan tamu, gidan waƙar taro mafi girma shi ne majami'a. Abin ya daɗe. Mishan na CMS ya koma Wusasa, kusa da Zariya, a 1929. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. Daga nan Hausa ta zama harshen sujada ga ƙabilu masu yawa: Birom, Angas, Tangale, Bajju, Bura, Bachama da sauransu. Littafin Waƙoƙi, wanda za ka tarar a hannun masu sujada a Jos, da Kafanchan, da Billiri, shi ne za ka tarar a Maraɗi da Galmi. A ECWA, ko COCIN, ko EYN, ko LCCN, ko HEKAN, ko Angilika, ko Katolika, ko Baftis, da wuya ka shiga majami'ar da ba ta da ƙungiyar waƙa. Sau da yawa ma ba ɗaya ba ce. Akwai kwaya mai muryoyi huɗu. Akwai Zumuntar Mata, da tulunsu, da gangarsu, da gorar kaɗawa. Akwai 'yan Sabon Rai. Akwai matasa masu jita da kibod. Kada ku raina su don na unguwa ne. A 2015 mawaƙan Zumuntar Mata na EYN har Amurka suka zagaya suna waƙa da Hausa.

'Yan'uwa Musulmi masu sauraro, kada ku ce shirin yau ba naku ba ne. Ɗaliban Islamiyya da ke rera ƙasida tare ranar walimar sauka, da masu karanta Ishiriniya a watan Maulidi, da 'yan amshin mai bege, duk aikin murya da kunne suke yi. Abin da zan faɗa kan numfashi da sauraro ya shafe su daidai wa daida.

Kuma fa amshi sana'a ce mai daraja a wurin Bahaushe. Ku tuna waƙoƙin Musa Ɗankwairo. Rabin daɗinsu yana bakin 'yan amshinsa ne, yadda suke tarbe shi tun bai dire ba, su ƙara, su miƙa masa. Shi kansa a bayan yayansa Abdu Kurna ya yi zaman amshi kafin ya zama jagora.

Sai batu na gaba: ranar farko.

Ba a shiga kwaya ran Lahadi da safe. Ana shiga ranar koyon waƙa. Bayan an tashi daga sujada, nemi shugaban mawaƙa. Gaishe shi, ka ce, "Malam, ina sha'awar shiga, amma ban taɓa yi ba. Yaushe kuke koyo?" Ka faɗi gaskiya tun farko cewa kai sabon shiga ne. Wasu majami'un za su tura ka wurin fasto ko dattawa tukuna. Wasu sai ka yi 'yan makonni kana zuwa koyo kafin a ba ka izinin tsayawa gaban jama'a. Wannan ba wulaƙanci ba ne, tsari ne.

Malamin waƙa zai ce ka biyo shi. Zai rera sauti, ko ya danna kibod, kai kuma ka maimaita. Zai yi sama da kai, ya yi ƙasa da kai. Gabanka zai faɗi, muryarka ta yi rawa. Kowa haka ya yi. Ba jarrabawa yake yi maka ba, mazauni yake nema maka.

Mazaunan guda huɗu ne. Murya ta ɗaya, sofarano, ita ce ta sama. Mata da yara ne a nan, kuma galibi su ke ɗauke da karin waƙar da kowa ya sani. Murya ta biyu, alto, ta mata masu kaurin murya. Murya ta uku, tena, ta maza masu iya hawa sama. Murya ta huɗu, bas, ita ce ta ƙasa, mai kauri, wadda sauran ke zaune a kanta. Sofarano, alto, tena, bas.

Bari in tsaya a kan alto, don a nan ake yawan samun ɓacin rai. Mace ta zo da zumuɗi, a ce mata ta koma murya ta biyu, sai ta ga kamar an rage mata daraja. Ko kusa. A ganina alto ta fi sofarano wuya. 'Yar sofarano tana rera abin da ta saba ji tun tana goye. 'Yar alto kuwa tana rera wani layi dabam, wanda in ka ji shi shi kaɗai ba ka ce waƙa ce ba, ga kuma sofarano a gefenta tana jan kunnenta. Sai mai natsuwa ke riƙe wannan layi. In kuma kika nace sai kin zauna a sama alhali muryarki ta ƙasa ce, kullum za ki koma gida da ciwon maƙogwaro. Haka samarin da muryarsu ke fashewa lokacin balaga. Yaron da ke sofarano bara, bana muryarsa tana karyewa. Kada a tilasta masa, kada a yi masa dariya. A bar shi ya rera inda ya ji sauƙi, har muryar ta zauna.

To, an ba ka mazauni. Sai a miƙo maka takarda, ko ka ga an cika allo da haruffa: d, r, m, f, s, l, t. Ga ɗigo-ɗigo, ga 'yan sanduna. Kada ka tsorata. Wannan shi ake kira sol-fa, wato rubuta karin waƙa da sunayen matakan sauti. Do, re, mi, fa, so, la, ti, sannan a koma do ta sama. Matakai bakwai, na takwas ya maimaita na farko. Asalin sunayen daga wani malamin coci ne a Italiya, Guido, kusan shekara 1000 da suka wuce. Wata malama a Ingila, Sarah Glover, ta sauƙaƙa tsarin don yaran da take koyarwa. Wani fasto, John Curwen, ya gyara shi ya yaɗa shi tun daga shekarun 1840. Kun ga ke nan tun asali don talakawa aka yi shi, waɗanda ba su je makarantar kiɗa ba. 'Yan mishan suka kawo shi Afirka, ya kama ƙasa.

Harafi yana gaya maka matakin da za ka taka. Ɗigo da sanda suna gaya maka tsawon lokacin. In ka ga ɗan layi a kwance bayan harafi, ja sautin, kada ka sake shi. Kuma do ba ta da mazauni ɗaya. Duk inda malami ya ɗora ta, daga nan ake lissafi. Shi ya sa kafin a fara waƙa yakan ba kowace murya sautinta. Wannan ɗan lokaci, ka yi tsit ka saurara.

Ba ka iya karatu ba? Zo abinka. Zumuntar Mata da yawa ba su taɓa amfani da takarda ba. Mai bayarwa ta bayar, sauran su amsa, har waƙa ta zauna. Yanzu kuma ga waya. Roƙi malami ya rera layinku shi kaɗai, ka ɗauka, ko a tura muku ta WhatsApp. Ka riƙa ji a shago, a gona, a cikin mota.

Masu sauraro, yanzu mun zo kan gishirin shirin. In kun manta komai, kada ku manta wannan: kunne kafin murya.

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To, a kwaya waƙa ba ta da mai ita guda ɗaya. Mutum 30 ne ke ƙoƙarin zama baki ɗaya. Kuskuren sabon shiga iri biyu ne. Wani ya ɓoye, yana motsa leɓe kawai, ba a jin komai. Wannan ba ya koyo, don malami ba zai gyara abin da bai ji ba. Wani kuma ya buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsa, don a san ya zo. Wannan na biyun ya fi ɓarna.

Ga ma'auni. In kana waƙa ba ka jin na damanka da na hagunka, ka yi ƙarfi da yawa. Rage. In sake faɗa: in ba ka jin maƙwabcinka, rage murya.

Ku tuna mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Kowace ta iya daka. Amma in ɗaya ta daina sauraron taɓaryar 'yan'uwanta, sai taɓare su haɗu, hatsi ya zube. Ba ƙarfin dantse ke sa lugude daɗi ba, sanin lokacin sauka ne. Haka waƙar taro take. A shiga tare, a ja tare, a dire tare.

Direwa ma aiki ce. Saurari kwayar da ba ta ƙware ba, za ka ji ƙarshen baiti ya watse, wannan ya tsaya, wancan yana ja. Maganinsa ido. Ɗaga takardarka zuwa ƙirji, yadda za ka ga hannun malami ta samanta. Wanda ya binne fuskarsa a takarda kullum a makare yake.

A makonnin farko, nemi wanda ya daɗe a layinku, ka zauna kusa da shi. In ke mace ce, ki ce, "Yaya, bari in zauna gefenki in riƙa bin ki." Ba abin kunya ba ne. In kun ɓata a tsakiyar waƙa, ku yi shiru, ku saurara, ku sake shiga a farkon layi na gaba. Kada ku yi ta lalube da ƙarfi.

Akwai kuma sauraron kalmomi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai dogon wasali da gajere. Waƙoƙi da dama na cikin littafi fassara ce, karinsu daga Turai ya zo, don haka wani lokaci karin yakan ja gaɓar da a magana ba a ja. Shi ya sa waƙar da matan zumunta suka tsara da kansu takan fi shiga kunne, kalma da kari tare aka haife su. In ana rera na littafi, sai an ƙara kula da furuci. Kafin a rera baiti, a karanta shi da baki kamar magana. A fitar da ƙa, da ɓa, da ɗa, da tsa. Tsohuwar da ke bencin ƙarshe tana da haƙƙin ta ji abin da ake faɗa.

A nan zan ɗan yi ƙorafi. Lasifika ta lalata kunnen ƙungiyoyi da yawa. A ɗan ƙaramin ɗaki a ƙure kibod, a ƙure ganguna, mawaƙa su koma ihu don su ji kansu. Malaman waƙa, don Allah ku riƙa kashe na'ura a rabin lokacin koyo. Ku bar muryoyi su tsaya da ƙafarsu. Ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar sujada za ku gode mini.

Mu koma kan numfashi, a taƙaice.

Miƙe tsaye. Saki kafaɗu. Ɗora hannu a ciki, saman cibiya. Ja iska a hankali, ka ƙirga 4. In kafaɗunka ne suka ɗaga, ba haka ba ne. Cikin ne zai turo hannunka waje. Akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. In ta sauka, huhu ya cika har ƙasa. Yanzu saki iskar ta tsakanin haƙora, "sss", a hankali, ka ƙirga 8. Gobe ka nemi 12. Wani mako ka nemi 16. Minti 5 kullum ya isa. In ka ji jiri, zauna ka huta.

In aka zo dogon sauti, ba dole kowa ya ja shi har ƙarshe da numfashi ɗaya ba. Kai ka saci numfashi a nan, maƙwabcinka ya saci nasa can gaba, ku koma a hankali. Mai sauraro zai ji sautin bai yanke ba. Wannan ma sai da kunne.

Saura magana biyu. Ta farko, zuwa.

Tambayi kowane malamin waƙa, zai gaya maka ya fi son mai matsakaiciyar murya da ba ya fashi, a kan mai zaƙin murya da ba a ganinsa sai Kirsimeti ta matso. Kafin ka shiga, tambayi ranakun koyo da lokacin tashi. Matan aure, ku yi shawara a gida. 'Yan mata, ku san da wa za ku dawo in dare ya yi. Ka tambayi maganar kuɗi ma: kuɗin wata, kuɗin anko, kuɗin mota in za a je taro ko gasa. Ka kuma sani kwaya ba ta Lahadi kaɗai ba ce. Akwai ɗaurin aure, akwai jana'iza, akwai gaisuwar mara lafiya. In abin ya fi ƙarfinka yanzu, faɗa wa shugaba a gefe.

Ku kuma shugabanni, kada anko ya zama katanga. Muryar gwauruwa mai 'ya'ya biyar ba ta ragu ba don ba ta iya sayen atamfa. Kuma in sabon shiga ya kauce, kada a nuna shi da yatsa a gaban mutane. A ce layin gaba ɗaya ya maimaita. Shi ya san kansa.

Magana ta ƙarshe, lafiyar maƙogwaro.

Kada ka fara waƙa da sanyin murya. Rufe baki ka yi "mmm" a hankali, sama da ƙasa, na 'yan mintoci. Sha ruwa tun da rana, ba sai an zo koyo ba. Lokacin hunturu, ƙura da bushewar iska suna wahalar da maƙogwaro, don haka rufe hanci da baki in za ka hau babur. Taba da shisha abokan gabar murya ne. Hayaƙin murhu ma haka, ga masu girki da itace a rufaffen ɗaki.

Na san mawaƙa da Tom Tom, da zuma, da citta, da kanumfari. Suna sanyaya wuya, ba laifi. Amma ku sani, abin da ka haɗiye ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya. In murya ta dishe, maganinta hutu ne da ruwa. Yawan gyaran murya da ƙarfi yana ƙara goge tantanin. Raɗa ma tana gajiyar da shi, gara ka yi magana a hankali, ko ka yi shiru. Ranar da mura ta kama ka, je ka zauna a gefe ka saurara, kada ka rera.

In dishewar ta wuce mako 3 ba ta tafi ba, ko kana jin zafi in kana haɗiya, ko ka ga jini a majina, ko wani kumburi a wuya, wannan ya wuce zuma da citta. Je asibiti, ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Musamman in kana shan taba, kada ka jinkirta.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga wurin masu kiɗa, mu ji yadda ake buga tulu da ganga ba tare da an danne muryar masu waƙa ba.